Jaririn Takarda

Har ta haura arba'in ba a daina kiranta 'Yar Mai Gilashi ba. Sa'o'inta duk sun zama Maman wane da Maman wance, wasu ma har an fara ce musu Kaka, ita kuwa sunan da aka laƙaba mata tun tana share ɓaraguzai a shagon babanta shi ne ya bi ta har gidan miji. Ba wanda ya yi da mugunta. Babu dai wani sunan da za a ɗora a kansa ne.

Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, aikinsa kuma sa hoto a firem. Da uban ya rasu, ya bar mata tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, da doguwar rula ta ƙarfe, da abin yankan gilashi wanda hannunsa ya suɗe ƙotarsa har tana sheƙi. Mutane suka ce ai wannan ba aikin mace ba ne. Su ɗin ne kuma suka riƙa lallaɓowa da hotunan aurensu da takardun gama makarantar 'ya'yansu, domin duk layin ba mai hannunta. Ja ɗaya take yi, ta ɗan danna, gilashi ya rabu ƙas. Haka tsohon ya koya mata: ba a maimaita layi, in ka ja sau biyu ka ɓata.

Firem ɗin da take saro su a kwali suke zuwa, kowanne da takarda a ciki mai hoton jariri, don mai saye ya ga yadda abin zai yi kyau. Jariran ba su da yawa, su ɗin ne dai kullum: akwai mai barci da kumatu a kan dunƙulen hannu, akwai tagwaye a cikin kwando, akwai wani ɓul-ɓul naɗe da tawul ruwan ɗorawa yana wangale baki ba haƙori. Aikinta na farko kowace safiya shi ne zare su tana jefawa a kwalin ƙarƙashin tebur. Ta zare su har ta san su kamar 'ya'yan maƙwabta.

Guda ɗaya ne ba ta zare ba. A shekarar aurenta ta farko wani ƙaramin firem ya zo da ɓantararriyar kusurwa, ba zai sayu ba, sai ta tafi da shi gida da mai tawul a ciki, ta ajiye a kan durowa. Ta ce ya riƙe wa nasu wuri kafin ya iso.

Mijinta direba ne, yana raba kayan wani kamfani a shaguna. Mutum ne mai tsokana. Ya kan shigo ya leƙa firem ɗin ya ce, "Gilashi, har yanzu yaron nan naki bai yi haƙori ba? Ki kai shi a duba." Ta kan jefe shi da matashi. Shekaru suka yi ta wucewa, tsokanar ta fara fitowa da nauyi, daga baya ta daina fitowa gaba ɗaya. Wata rana tana kakkaɓe ɗaki ta ɗauke firem ɗin ta kifa shi a ƙasan akwatin zannuwa. Bai taɓa tambayar inda yake ba.

Sun yi yawon asibiti iya yawo. An ɗebi jini, an yi hoto, an ba da magani an canja magani. Abin da 'yan'uwa ke raɗa wa Direba a kunne kuwa, a bakin ƙofa yake barinsa tare da takalmansa, kuma ta san da haka, tana gode masa a zuci. A ƙarshe wani likita a babban asibiti ya gaya musu cewa hanyar ƙwanta a toshe take, abin da ya rage sai dashe: a ciro ƙwanta, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, in ya kama a mayar mata cikin mahaifa. Ya ƙara da cewa shekaru sun ja, kada su yi nawa, kuma su buɗe ido wajen zaɓar inda za su je, don asibitocin wannan aiki sun yi yawa, ba duka ne na kirki ba. Ƙarfin aljihunsu na sau ɗaya ne. Ba sai sun zauna lissafi ba, dukkansu sun sani.

Yayar Direba ce ta samo musu asibitin farko, a waya ta ga tallarsa. Mace ce mai son ƙaninta da gaske, mai kuma son a ce ita ta nuna hanya. Ta ɗaura ɗankwalinta ta shige gaba.

Wurin ya haɗu, ba ƙarya. Sanyi ya tarbe su tun daga ƙofa, ga ƙamshi, ga kujerun da mutum zai zauna ya nutse. Bango guda kuwa, daga sama har ƙasa, hotunan jarirai ne a firem masu ruwan zinariya, an rubuta a samansu da manyan baƙaƙe cewa waɗannan 'ya'yan gidan ne. Yaya ta dafa ƙirji tana ta masha Allah.

'Yar Mai Gilashi ta tsaya cak. Ga mai barci a kan dunƙulen hannu can a jere na biyu. Ga tagwayen kwando, har sau biyu ma, ɗaya a sama ɗaya kusa da tukunyar fure. Ba a ko wahalar da kai an canja firem ɗin ba, yadda suka fito daga kwali haka aka buga su a bango.

Direba ya taɓa kafaɗarta. "Gilashi, dubi wannan don Allah. Dubi kumatu."

Mai tawul yake nunawa. Bai gane shi ba, shi da ya shekara nawa yana tambayar haƙoransa. Fuskarsa ta washe irin washewar da ta manta yana da ita, sai kawai ta ce, "Na gani."

Wani saurayi mai kwat ya zo ya kai su ofis. Ba likita ba ne, shi ne mai tarbar baƙi, amma bakinsa ya fi na likita goma. Ya jawo mata kujera da kansa.

"Zauna, Mama. E, Mama na ce, ki fara sabawa da sunan. A nan, cikin mata goma, tara da goyo suke fita."

Ta miƙa masa takardun gwaje-gwajenta, ya ajiye a gefe bai buɗe ba. Bai tambayi shekarunta ba. Da ta ce ko za ta iya ganin likitan da zai yi aikin, ya ce ai likitocinsu na da yawa, sai an yi rajista za a san wanda zai faɗo mata. Ya ce za a dasa mata uku ko huɗu lokaci guda don kada a yi asara, in tagwaye take so ma ta faɗa. Yaya ta yi dariya har da tafi. Direba yana ta gyaɗa kai.

Ba ta ce uffan ba game da bangon. A hanyar gida ta yi ta nema wa mutanen uzuri: wataƙila iyaye ba sa son a liƙa hoton 'ya'yansu, wataƙila mai ƙawata wurin ne ya yi aikinsa ba da sanin likitoci ba. Duk wanda zai ce wauta ce, to bai taɓa jiran abu har gashinsa ya fara fari ba. Tunda take, ba wanda ya taɓa duban idonta ya ce mata Mama sai wannan yaron mai kwat, kuma ta ji daɗin sunan, ta ji shi har cikin ƙashinta, duk da ta san daga bakin wa ya fito.

Maƙwabcinta mai gyaran agogo ne ya kawo zancen asibiti na biyu. Tsoho ne da ya san ta tun tana yarinya. Ya ga kwana biyu tana yanka gilashi tana ɓatawa, abin da ba halinta ba, ya tambaya, ta gaya masa sama-sama. Ya cire madubin da yake maƙalawa a ido ya ce, "'Yata ta wajena ta yi irin wannan a wani wuri can saman kantin magani. Ba ta samu ba. Amma ta ce da za ta sake, can za ta koma."

Da ta gaya wa Direba, ya ce, "Wadda ba ta samu ba ce za ta nuna mana hanya?" Amma ya kai ta, don bai iya hana ta abu ba.

Matakala ce ƙunƙuntacciya, sai ɗakin jira mai kujerun roba da fanka. Bangon fari fat, babu komai sai agogo da takardar izinin aiki a wani firem da ya karkace, gilashinsa ma da tsaga, har hannunta ya yi ƙaiƙayin gyarawa. Mata uku na zaune, kowacce ta tsura wa ƙafafunta ido.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da yawan fara'a. Ta karɓi takardun ta karanta su ɗaya bayan ɗaya har Direba ya fara motsa ƙafa. Ta yi tambayoyin da suka sa shi sunkuyar da kai, sannan ta ce shi ma sai an sake gwada shi, don ba a fara aiki da rabin labari. Ta tashi ta kai su gaban wata taga ta gilashi, ta nuna musu ɗakin gwajin daga waje, da matar da ke aiki a ciki sanye da hula da takunkumi, da na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Ta ce ita da wannan matar ne za su yi aikin daga farko har ƙarshe, kuma ba ta dasa fiye da abin da jikin mace zai iya ɗauka lafiya. Da suka koma suka zauna, ta cire tabarau.

"Zan gaya miki yadda abin yake, 'yar'uwa. Mata masu shekarunki, a wajenmu, cikin goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke komawa gida da jariri. Ba zan ce kada ki gwada ba. Ba kuma zan ce za ki samu ba. Ki je ki yi tunani, ki duba wasu wuraren, ki yi musu irin tambayoyin da kika yi mini."

 'Yar Mai Gilashi ta tuna farin bangon ɗakin jira, sai sana'arta ta yi magana a madadinta.

"Likita, ban ga hoto ko ɗaya a bangonku ba. Ba ku da su ne?"

"Muna da su, cike da durowa. Iyaye na kawowa, ina kuma dubawa in na gaji." Ta mayar da tabaraunta. "Wadda ta samu, ta tafi gida da nata. Wadda ba ta samu ba, ita ce ke dawowa ta zauna a ɗakin can tana jirana. Ba zan zaunar da ita a ƙarƙashin 'ya'yan wasu ba."

Tun a matakala Direba ya fara. "Mun zo neman magani an yi mana ta'aziyya! Ɗaya cikin goma? Can an ce tara, nan an ce ɗaya, sai mu bar tara mu bi ɗaya? Wace irin likita ce za ta karya wa marar lafiya gwiwa tun kafin a fara?" Ya kira Yaya a waya, ita ma ta ɗora nata, ta ce daman asibitin da ke saman kanti ai daga jin sa ka san babu labari. Suka yanke cewa ranar hutunsa za a koma wurin mai kwat a yi rajista. 'Yar Mai Gilashi na jin su, rabin zuciyarta na tare da su.

Ranar ta zo. Da safe yana zaune a bakin gado yana goge takalmi, har da ɗan fito, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta gama shiri, ta yafa gyale, ta ɗauki jaka. Sai ta ajiye jakar. Ta durƙusa ta buɗe akwatin zannuwa, ta tura hannu har ƙasa, ta ciro firem ɗin ta ɗora masa a cinya.

Ya dube shi yana murmushi, zai yi tsohuwar tsokanarsa. Murmushin ya tsaya a hanya. Ya daɗe yana kallon tawul ɗin da kumatun, burushi na hannunsa.

"Wannan ai shi ne na bangon."

"Shi ne. Da mai barci, da tagwayen. Suna nan cike da kwali a ƙarƙashin teburina."

"Tun ranar kika gane?"

"Tun daga bakin ƙofa."

"Kika bar ni ina nuna miki shi kamar wani sakarai? Me ya hana ki magana?"

"Ya ce mini Mama." Ta zauna kusa da shi. "Kuma na ga fuskarka. Wallahi ni ma can nake so, Maigida, har yanzu da nake maganar nan can nake so. Amma sau ɗaya gare mu. In sun yi mana ƙarya a bangon da kowa ke gani, me za su yi mana a ɗakin da ba ma shiga?"

Ya sake duban hoton. Ya kifa firem ɗin a kan gado a hankali, ya ƙarasa goge ɗaya takalmin, don ba a fita da ɗaya mai sheƙi ɗaya da ƙura. Da suka hau titi, bai juya ta hanyar asibitin mai sanyi ba.

Aikin ya ba ta wuya. Allurai ne kullum a fatar ciki, kuma shi aka koya wa yi. Mutumin da ke ratsa cunkoso da babbar mota da hannu ɗaya, sai ga shi yana tsoron 'yar allura, yana ba ta haƙuri tun kafin ya soka. Jikinta ya kumbura, ranta ya riƙa ɓaci ba dalili. Duk lokacin da suka je, likitar nan ce dai suke tararwa, kuma duk abin da ta gani shi take faɗa, mai daɗi da marar daɗi. Ƙwan da aka samu kaɗan ne. Cikinsu guda ɗaya ne ya kama ya ci gaba da girma.

Ranar dashe, matar ɗakin gwaji ta fito ta sauke takunkuminta, ta miƙa musu wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Hoto ne baƙi da fari: wani ɗan dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan gilashi, da 'yan ƙwayoyi a cikinsa manne da juna.

"Ga shi nan kafin ya shiga," in ji ta. "Wannan naku ne."

Direba ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi sama ya juya ƙasa, bai san ina ne kai ba, ya ce, "Sannu da zuwa."

Kwanakin jira ta yi su a shago a zaune, ba ta ɗaga ko gilashi ɗaya ba. Mai agogo ne ke jawo mata kwali, mai fenti na kawo mata ruwa, ba wanda ya tambaye ta dalili. Tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike. Ta yi addu'a irin wadda ba ta taɓa yi ba, ta yi wa ɗan dunƙulen magana a zuci, ta roƙe shi ya zauna.

Bai zauna ba.

Likitar ba ta aiko kowa ba, ba ta kuma faɗa a waya ba. Ta zagayo daga bayan teburinta ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta ta faɗa mata a fili. Bayan sun fito, 'Yar Mai Gilashi ta zauna a kujerar roba a ɗakin jira ta yi kuka mai sauti, kukan shekara da shekaru. Da ta ɗago kai, farin bango ne a gabanta, ba kowa a kai yana mata dariya. Ta daɗe tana kallonsa, kuma ta gode wa matar da ta bar shi haka.

Yaya ta zo jaje da yamma, idonta jajir, don ita ma ta sa rai. Sai dai bakinta bai iya zama ba. "Ni dai na faɗa. Da can kuka je..."

"Yaya," in ji Direba. Tunda aka haife shi bai taɓa katse ta ba. "An yi mana aiki da gaskiya, Allah bai nufa ba. A bar maganar."

Aka bar ta.

Har yau 'Yar Mai Gilashi na nan a shagonta, kuma matan da ke cikin irin halinta sukan zo da wani hoto a hannu don su sami hanyar tambaya. Ba ta yi musu wa'azi. Takan ce su nemi ganin likitan da zai taɓa su kafin su amince, su tambayi mata nawa masu shekarunsu suka samu, su lura ko an buɗe takardunsu. In an tambaye ta ko tana da-na-sani, takan ce baƙin ciki dai tana da shi, har gobe, amma ba ta kwana tana tunanin ko an cuce ta.

Abin da ba ta ba su labari shi ne aikin da ta fara yi ranar da ta koma shago. Ta zo da ƙaramin firem ɗin a jaka. Ta buɗe bayansa ta zare mai tawul, ta dube shi sau ɗaya, ta sa shi a kwali cikin 'yan'uwansa. Ta cike ɓantararriyar kusurwar ta shafa mata fenti. Hoton ɗan dunƙulen da aka ba su ranar dashe ya yi wa firem ɗin kaɗan, don haka ta yanka farin kwali mai kauri ta fitar masa da 'yar taga a tsakiya. Tsohon gilashin ya dushe, ta ɗauko sabo, ta ɗora rula, ta ja sau ɗaya.

A gida Direba ya ɗauko guduma ya nufi ɗakin kwana. Ta ce a'a, a falo, bangon da rana ba ta kaiwa, don irin wannan takardar haske na cinye ta.

"Baƙi za su tambaya mene ne," in ji shi.

"Sai mu ce namu ne."

Ya taka kujera ya buga ƙusa, ya rataye, ya karkata shi dama ya dawo da shi hagu. Tana tsaye a bayansa tana duba masa, don ita ce mai ido. Bai juyo ba ya ce, a hankali, ba da muryar tsokana ba:

"Haka ya yi, Maman yaro?"

Ta dubi ɗan dunƙulen a cikin 'yar tagarsa. Sai ta gyaɗa kai. Shi kuwa bai juyo ba balle ya gani, ya ci gaba da riƙe firem ɗin da hannu biyu yana jiran ta ce ya yi.